Dole ke hawar da mutum keke, amma ba ita ke riƙe shi bisa sirdi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin hanyar da ta shigo Maraɗi daga Tibiri, ko wadda ta shigo Damagaram daga Mirya, ya san ko su wane ne masu keke a ƙasar nan. Ga mai garka da kwandon tumatir ɗaure bayan sirdi, ga mai itace da damin da ya fi shi faɗi, ga ɗan lakkol da jakar littattafai a kafaɗa, ga tsohon mai gadi da ya kwana ƙofar kanti yana komawa ƙauyensu. Da wuya a ga ma'aikacin gwamnati mai muƙami a cikinsu, da wuya kuma a ga ɗan kasuwar da ya riga ya mallaki shago. Ba rashin iyawa ba ne, domin kusan dukkansu sun tuƙa keke a ƙuruciya, wasu daga cikin alhazai ma bisa kariyar keke suka ɗauko jarinsu na farko. Sauka suka yi, kuma ba su da niyyar komawa.

Dalili kuwa sananne ne. A idon jama'a abin hawa tsani ne mai hawa uku: keke a ƙasa, babur a tsakiya, mota a sama. Wanda ya taka na biyu ba ya waiwayar na farko. In aka saba ganin mutum bisa babur, rana ɗaya aka gan shi yana tuƙa keke, kafin ya kai bakin kasuwa mutum uku sun tsai da shi: “Alhaji, lafiya dai ko? Ina babur ɗin?” Shi da su duka sun san abin da tambayar ke nufi, wato ko karaya ce ta zo. Amma duk da haka, a kowane gari akwai ƴan tsiraru da suke da halin babur, wasu har da mota, ba su kuma rabu da keke ba. Su ne abin dubawa a wannan fili a makon nan: me ke hawar da mutum keke tun farko, me kuma ke riƙe shi a kai bayan dalilin farkon ya gushe?

Amsar tambaya ta farko ba ta da wuya, domin mafi yawan masu keke dole ce ta hawar da su, kuma Hausawa sun ce dole uwar na ƙi. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba su manta ba. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: tamma guda ta Faransa da ake canzawa a sefa 50 ta wayi gari sefa 100, duk hajar da ke zuwa daga Turai ta yi tsalle, har da kayan gyaran mota da na babur. Ga albashi ba ya zuwa kan kari, ma'aikata na bin gwamnati bashin watanni. A irin wannan hali malamin lakkol ba ya tsayawa tunanin girma. Sai ya jingine babur a zaure, ya ɗauko tsohon keken da yara ke wasa da shi, ya kai wa mai faci, washegari ya tafi aiki a kai.

Bayan shekara kusan 30 labarin ya sake shigowa ta wata ƙofa. Mutanen Maraɗi da Ƙonni da Damagaram sun daɗe suna dogara ga isansin ƴan ruwa-ruwa, wanda ake ɗaukowa daga Najeriya cikin jarka a sayar a kwalba bakin hanya, saboda tallafin da gwamnatin can ke sa wa mai ya sa ya fi na gidan mai araha. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin, farashi ya ninka kusan sau uku cikin ƴan kwanaki, kwalbar bakin hanya ta bar zama ta talaka. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka na tsawon watanni. Masu sayen kwalba suka koma gidajen mai, isansin da matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa ya kasa ƙosar da buƙatar da ta ƙaru. A watan Maris 2025 an ga dogayen layukan motoci da babura a gidajen mai na Yamai da sauran manyan garuruwa. Wanda ya yini a layi bai samu ko lita ɗaya ba, shi ma ya tuna da keke.

Sai dai dole baƙuwa ce, ba ta zama. Ranar da aka biya bashin albashi, ko mai ya wadata, keke ya koma inda aka ɗauko shi, tayoyi su sace, sarƙa ta yi tsatsa. Wanda tsada ta hawar, sauƙi ke sauke shi. Ba kuma laifinsa ba ne, domin duk tsawon lokacin da ya yi bisa sirdi kallon horo yake yi wa abin, yana ƙidayar kwanakin da za a sallame shi. Ke nan in ana neman sanin abin da ke riƙe mutum, ba wurin irin wannan za a je ba. Sai a nemi wanda ya sami hanyar sauka sau da yawa, bai kuma sauka ba. Akwai wani misali da ya isa a tsaya a kansa, ko da yake daga nesa yake.

A cikin shekarar nan ta 1994, wata uku bayan karyewar sefa, masifar da ba a haɗa ta da tsadar kaya ta auka wa ƙasar Ruwanda. Cikin kwana kamar 100, daga Afrilu zuwa Yuli, aka yi wa ƴan ƙabilar Tutsi kisan ƙare dangi, mutum wajen 800,000 suka halaka bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. A yankin Rwamagana, gabas da birnin Kigali, akwai wani yaro ɗan shekara 7, sunansa Adrien Niyonshuti. Shi ya tsira, amma ƴan'uwansa maza shida aka kashe, ban da dangi masu yawa.

Yana da shekara kamar 16 ya fara keke, kuma dalilinsa na farko bai wuce na kowane yaro ba. Kawunsa, wanda ya taɓa yin tsere a zamaninsa, shi ya ba shi tsohon keke, yaro ya ga yana da gudu, ya ga akwai ƴar kyauta ga wanda ya riga kowa. Ruwanda ƙasa ce ta tuddai, kuma keke can jakin talaka ne: da shi ake ɗaukar buhun dankali da na kofi, da shi samari ke kabu-kabu. A 2006 wasu Amurkawa masu sha'awar keke suka shirya tsere a ƙasar, nan aka lura da shi. A 2007 ya shiga ƙungiyar ƙasa da aka kafa sabuwa, a 2008 ya ci gasar zagayen Ruwanda, a 2009 wata ƙungiyar Afirka ta Kudu ta ɗauke shi aiki da albashi. A shekarar ce ya yi tsere a ƙasar Ailan, ya zama ɗan Ruwanda na farko da ya shiga sahun ƙwararru a Turai.

To, a tsakanin nan dalilinsa ya riga ya sake. Ya sha faɗa wa ƴan jarida cewa keke ne ke taimaka masa ya kau da tunanin abin da ya gani yana yaro, tunanin da ke tsananta in watan Afrilu ya kama, watan zaman makoki a ƙasarsu. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da keke ya san inda maganar ta dosa. In cinya ta ɗauki zafi, numfashi ya koma sama-sama, zuciya ba ta da sauran wurin da za ta ajiye wani tunani, sai na juyin feda na gaba. Abin da ya fara a matsayin wasan yara ya koma magani, kuma wanda ya gane maganinsa ba ya jiran a tuna masa lokacin sha.

Daga nan wani dalili ya sake hawa bisa wancan. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Niyonshuti ne ya riƙe tutar Ruwanda a bikin buɗewa, ya kuma shiga tseren keke na cikin duwatsu, ya ƙare a matsayi na 39. Ga mai ƙidayar lambar yabo wannan ba kome ba ne. Ga mutanen ƙasarsa kuwa, waɗanda duniya ba ta san su da kome ba sai labarin adda da gawa, ganin ɗansu ya kai ƙarshen tsere cikin gwanayen duniya babban abu ne. Mutumin da ya hau keke domin ya manta ya wayi gari yana tuƙi domin a tuna da ƙasarsa da wani abu na alheri.

A 2013 jarrabawa ta zo: jini ya daskare masa a jijiya, likitoci suka hana shi tsere wata da watanni. Nan ne inda mai ƙaramin dalili zai ce ya isa haka. Shi kuwa ya warke ya koma, ya sake riƙe tutar ƙasarsa a gasar Riyo ta 2016. A cikin shekarar rashin lafiyar ce kuma ya buɗe makarantar koyar da yara tseren keke a Rwamagana, garin da ya fid da Valens Ndayisenga, wanda ya ci zagayen Ruwanda a 2014 da 2016. Da ya bar tsere, Niyonshuti ya koma horarwa, har ya horar da ƴan tseren ƙasar Benin, maƙwabciyar Nijar. A watan Satumba 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, karo na farko da aka kawo ta nahiyar Afirka.

Abin lura a wannan labari ba nasara ba ce, domin masu karanta wannan shafi ba tseren Olamfik za su je ba. Abin lura shi ne keke ɗaya, mutum ɗaya, dalili huɗu: sha'awar yaro, neman kwanciyar rai, ɗaga sunan ƙasa, renon na baya. Kowane ya zo kafin na gabansa ya ƙare, shi ya sa ba a sami ranar da mutumin ya rasa abin da zai mai da shi bisa sirdi ba. Ma'aikacin da ya ɗauko keke saboda layin gidan mai dalili ɗaya gare shi, kuma ba nasa ba ne, aro ne daga halin da ƙasa ta shiga. Ranar da mai abu ya karɓi abinsa, shi ke nan.

Akwai kuma abin da ba ya hannun mai keke shi kaɗai, wato yadda garinsu ke kallonsa. A Asmara, babban birnin Eritiriya, Italiyawa ne suka kawo tseren keke zamanin da suke mulkin ƙasar, mutanen gari suka karɓe shi ya zama nasu, har ana tare tituna domin tsere jama'a su fito kallo. A nan aka haifi Biniam Girmay a shekarar 2000. Mahaifinsa kafinta ne mai son keke, kuma tare suke kallon gasar zagayen Faransa, wato Tour de France, a talabijin kowane watan Yuli. A Maris 2022 Girmay ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam, a Yuli 2024 ya ci zango uku a Tour de France, ya kuma ɗauki koriyar riga ta gwanin maki, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi kafinsa. Yaron da ya tashi a gidan da uba ke barin aiki domin kallon masu keke ba ya buƙatar a lallashe shi ya ci gaba.

Ba sai an je Asmara ba ma. Ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Wagadugu ya ga yadda keke ke cika titi da safe, maza da mata, tsofaffi da ƴan makaranta, mace da goyo a baya da tiren kaya a kariya, ba mai juyowa ya dube ta. Tun 1987 ƙasar ke shirya gasar zagayen Faso, kuma wanda ya ci ta sunansa na shiga gidaje. Rana ɗaya ce ke dukan Wagadugu da Yamai, aljihun ma'aikatansu ma ba su da wani nisa da juna. Bambancin yana cikin ido ne: can keke abin hawa ne kawai, nan kuwa takardar shaida ce da ke faɗin abin da mutum bai mallaka ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba kunya kaɗai ke sauke mutane ba. Unguwanni da yawa a Maraɗi da Tawa rairayi ne, in taya ta nutse sai mutum ya sauka ya tura. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce awo 40, wanda ya tuƙa da tsakar rana sai ya isa biro rigarsa sharkaf. Da hunturu ga ƙura a ido da maƙoshi. Ƙayar tsidau na huda taya, babbar riga na shiga sarƙa. Abin da ya fi duka shi ne haɗari: bisa kwalta mai keke ba shi da gefen kansa, yana tsakanin manyan motocin kaya da ƴan kabu-kabu da adaidaita, kuma in aka yi karo shi ne mai asara. Duk waɗannan gaskiya ne. Amma mai garkar Mirya yana fama da su kullum da kaya a baya, yana kuma isowa kasuwa kan kari. In an tace maganar, abin da ya rage wa mai muƙami shi ne tambayar nan ta bakin kasuwa, kuma masu iya magana sun ce girman kai rawanin tsiya.

Ga shi kuwa masu muƙami da masu shago su ne suka fi kowa buƙatar keke a yau, ba don aljihu ba, don jiki. Ɗan kasuwa na zaune tun hantsi har la'asar sakaliya, yaro ke miƙo masa kaya, shayi na zagayowa da sukari. Ma'aikaci daga kujerar biro sai sirdin babur, daga sirdin babur sai tabarmar fada. A yini guda wani bai taka abin da ya kai daga gida zuwa masallacin Juma'a ba. Shekara goma a haka, sai a ji an ce wane hawan jini ya kama shi, wane ciwon suga, wane ya faɗi rabin jiki ya shanye, ga ƴaƴa ƙanana ga shago ba mai tsaro. Waɗannan cututtuka ba sa ƙwanƙwasa ƙofa, kuma maganinsu na kowane wata ne har ƙarshen rayuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2017, wanda ya bi mutum sama da 260,000 tsawon shekara 5, ya sami cewa masu zuwa aiki da keke haɗarin mutuwarsu cikin wannan lokaci ya gaza na masu zuwa da mota da kashi 41 cikin 100. Ingila ba Maraɗi ba ce, kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya rantsuwa cewa keke kaɗai ne sanadi. Amma yadda abin ke aiki a jiki sananne ne. Naman cinya na cikin mafi girman tsokar ɗan Adam, in yana aiki yana janye sukari daga jini. Zuciyar da ta saba da aiki tana tura jini ba tare da wahala ba. Sirdi kuma shi ke ɗauke nauyin mutum, saboda haka mai ƙiba da gwiwarsa ba ta jure gudu yana iya tuƙa keke.

Saboda wannan ne ake samun sabon rukuni na masu hawa, waɗanda likita ya tsorata. Mutum ya fito daga asibiti da takarda a hannu, ya biya kasuwa ya sayi keke sabo fil, mako biyu yana zagaya unguwa bayan sallar asuba. Sai dai tsoro ɗan'uwan dole ne, shi ma ba ya daɗewa. Da awon jini ya sauka, ko sanyin Janairu ya shigo, bargo ya fi sirdi daɗi. Kekuna nawa ne irin waɗannan ke jingine a gidajen manya, ledar kanti ba ta gama fita daga jikinsu ba?

Masu ɗorewa, in aka dube su da kyau, abu ɗaya suka yi: sun ɗaura keke ga tafiyar da dole a yi ta ko da keke ko babu. Ba su ware masa lokaci na musamman da za a iya sokewa ba, sun ba shi hanyar aiki, ko ta shago, ko ta gona. Lissafin mai sauƙi ne. Mai tuƙi a natse yana cin kilomita 15 a awa, ninki uku na mai tafiya a ƙasa. In tsakanin gida da wurin aiki kilomita 5 ne, minti 20 ke nan, zuwa da dawowa minti 40, a kwana biyar minti 200. Mutum ya cika abin da OMS ta nema bai sa ƙafa a filin wasa ba, bai kuma ɗauki ko minti ɗaya daga lokacin iyalinsa ba, tun da tafiyar dama sai an yi ta. Sukan fita da sanyin safiya, su bar keke a inuwa da rana, su komo bayan la'asar. Sukan kula da birki da ƙararrawa da fitila, su sa tufa mai haske in dare ya yi. Wanda kuwa yake jin ciwon ƙirji ko ya san yana da ciwon zuciya, likita zai fara gani kafin mai sayar da keke.

Aljihu ma yana da nasa rabo, kuma ɗan kasuwa ba ya buƙatar a koya masa wannan lissafi. A watan Yuli 2024 gwamnati ta sauko da litar isansi zuwa sefa 499, wato dala 100 ba tamma ɗaya. A kan wannan farashi, mai ƙona lita guda a rana, kwana 26 a wata, yana kashe kusan jikka 13, a shekara jikka 156, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Bambancin wanda dole ta hawar da wanda ya zaɓa shi ne, na farko kuɗin ne babu, na biyu kuwa kuɗin na nan, ya dai karkata su ne zuwa buhun hatsi ko kuɗin makarantar yara. Na farko yana jin an ƙwace masa, na biyu yana jin ya ci riba, alhali feda ɗaya suke takawa.

Sauran dalilan ba sa shiga lissafi, amma su ne suka fi riƙo. Minti 20 ɗin nan na safe shi ne lokaci ɗaya tak a yini da ba mai bin mutum bashi, ba mai kawo masa takarda ya sa hannu, ba wayar da zai ɗauka. Bai kai nauyin abin da Niyonshuti ke gudu ba, amma dangin magani ɗaya ne. Mai keke yana gaisawa da mutane a hanya, yana ganin wane ya buɗe sabon shago, wace haja ta shigo, abin da mai gilashin mota a rufe ba ya gani. In kuma aka sami abokin tafiya, maƙwabci ko abokin aiki, to, an gama: ranar da ƙyuya ta kama ɗaya, ƙararrawar ɗayan na kaɗawa a ƙofar gida. Kunyar da ke sauke mutum ita ce kuma ke fito da shi, in an juya ta.

A nan manya ke da abin yi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Rumfa mai inuwa da wurin ɗaure keke a ƙofar ma'aikata, da randar ruwa da mutum zai wanke fuska, sun isa su sa wasu su gwada. Magadan gari, in za su shimfiɗa sabuwar kwalta, suna iya barin gefe ga masu keke. Amma abin da ya fi waɗannan duka ƙarfi shi ne misali. Ranar da shugaban ma'aikata, ko alhajin da kowa ya san motocinsa na hanyar Kano da Kwatano, ya iso wurin aiki bisa keke ba tare da ya ba kowa haƙuri ba, ranar ce akawu da yaron shago za su daina ɓoye nasu a bayan katanga. Talaka ba ya iya cire wa keke sunan talauci, mai hali kaɗai ke iyawa.

Ba a ce kowa ya sai da baburinsa ba. Mai tafiya Dakwaro ko Tanut da mota zai je, mai ɗaukar iyali zuwa suna da babur zai ɗauke su. Magana ita ce tsanin nan mai hawa uku ba saukakke ba ne, mutane suka kafa shi, kuma wanda ya kai sama yana da ikon saukowa da ƙafarsa ba tare da an ce ya faɗo ba. Wanda tsadar mai ko takardar likita ta riga ta hawar, ya yi ƙoƙari ya sami dalili na biyu tun na farkon bai tafi ba. In ya same shi, ranar da aka tsai da shi bakin kasuwa aka ce, “Alhaji, ina babur ɗin?” amsarsa ba ta da tsawo: “Yana gida, lafiyarsa lau. Tawa nake nema.”

Allah ya ba da lafiya mai amfani, ya kuma kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.